Kofin Farko

Tun da aka kafa na'urar gwajin ruwa a kowace unguwa, aiki ɗaya ya rage wa masu digirin kimiyyar sinadarai: su sa farar riga, su sha kofin farko a gaban jama'a. A kan wannan Zuwaira ta yi shekaru tana ƙona yatsu da asid a jami'a.

Yau tana kai kofin baki, warin majema ya doki hancinta. Ta san warin nan sarai, a kansa ta yi binciken kammala karatu.

"Malam Tanimu, ruwan nan da guba."

Mai kula da famfon ko ɗaga kai bai yi ba. "Fitila ta nuna kore, Malama. Sha, mutane na jira."

"Bari in gwada da hannuna!"

"Kin fi na'ura sani ne? An hana, kin kuma sani."

Zuwaira ta sauke kofin daga bakinta. Ta dubi layin mata da jarkoki, har da maƙwabciyarta Inna Laraba, goye da jikanta. Ta watsar da ruwan, ta fizge murfin na'urar.

"Ku matso ku gane wa idonku!"

Ƙwan fitila ɗaya ne tak a ciki, kore. Ko gurbin ja ba a yi ba.

Matan suka matso suka leƙa. Can Inna Laraba ta tura jarkarta gaba.

"Mun gani, 'yar nan. To, ina wani famfon?"