Hular da Ta Rage

Shekara tara ke nan ina yawo da hular wani a aljihuna, na kasa miƙa ta.

Ni ne kwamandan 'yan sa-kai na garinmu a Borno. Al'adarmu ce, kafin mu shiga daji kowa ya ba ni hularsa, wanda ya dawo ya karɓa. Ran nan guda ta rage, ta saurayin da na umarta ya shige gaba.

Mahaifiyarsa ta yi gudun hijira zuwa Kano, tana tuyar ƙosai a Gyadi-Gyadi. Na biyo sawunta, na kama ɗaki a Tarauni. Kullum da safe nakan saya in juya, ban taɓa iya buɗe baki ba.

Yau na miƙa mata hular da hannu biyu. Ta daɗe tana shinshina ta, ƙosai na ƙonewa a kasko.

"Tun ranar farko na gane ka, Kwamanda," ta ce. "Shiru na yi, don muddin tana hannunka, nakan ce wa kaina bai zo karɓa ba ne tukuna."

Na durƙusa. "Inna, Allah ya jiƙansa."

"Amin," ta ce a hankali, kamar yau ta fara koyon kalmar.