Jar Fitilar Injin Shinkafa

Bunu ya ɗora tafin hannu a jikin tukunyar tururi, ya karkata kai, ya ce a rage wuta. Shekararsa goma sha tara yana kula da injin casar shinkafa na bakin kogin Haɗeja, tun ranar da Turawa suka kafa shi. In tururi ya yi yawa, wani usur a saman tukunyar yakan yi ƙara, Bunu ya miƙe ya murɗa famfo. Sau da yawa ma yakan riga usur ɗin.

Kullum matarsa 'Yar'azumi ke rako shi har ƙofa, kafaɗa da kafaɗa, ta dawo da la'asar su tafi tare. Leburori na tsokanarsu, wai tsufa bai raba su da amarci ba.

Da kaka aka turo sabon injiniya daga Kaduna. Ya ce usur ɗin ya tsufa, yana firgita mutane a banza. Ya cire shi, ya lulluɓe tukunyar da wani bargo mai kauri mai tsare zafi, ya kafa jar fitila a bango.

Tafintan injiniyan ya ce, "Baba Bunu, aiki ya yi sauƙi. Ga kujera. Da fitilar ta kama, ka murɗa famfo. Ka gane?"

Bunu ya ce, "Na gane, ranka ya daɗe."

Rana ta tara, da hantsi, tukunyar ta fashe. Shu'ibu mai zuba itace ya rasa hannun dama. Bunu bai kai azahar ba.

Wurin bincike leburori uku suka rantse sun ga fitilar ta kama, sun ga Bunu zaune yana fuskantarta, ko motsi bai yi ba. Ba su yi magana ba don sun ɗauka ya fi su sani. Injiniya ya rubuta sakaci. A kasuwa kuwa aka ce da gangan ne, haushin an taɓa masa inji.

Da Shu'ibu ya fara takawa, ya je gidan Bunu. 'Yar'azumi na takaba, sai ya tsaya a bayan asabari.

"Iya, shekara goma muna cin tuwo kwano ɗaya. Me na yi masa?"

Ya ji tana share hanci.

"Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, kada a sallame shi. Ka yafe mana, Shu'ibu. Shekara shida ke nan Malam ba ya gani."