Koriyar Ƙofa a Cikin Gilashi

Mai hoto ba ya ɗaukar mutane. Ƙofofi yake ɗauka, da tagogi, da bakin lungu, da duk wata kafa da magini ya bari a jikin bango. Sai ya tsaya a tsallaken titi, ya jira mai shiga ya shige, mai leƙe ya janye kai, sannan ya danna. Telan unguwar yakan tsokane shi, "Baba, yau kuma aljanun gidan wa za a ɗauka?"

Da la'asar yake kai hotunan ɗakin wata tsohuwa da ciwon mantuwa ya kama. Shekara biyu ke nan ba ta taka waje ba. Ta haƙiƙance ɓata ta yi, wasu bayin Allah suka tsince ta suka ba ta masauki. 'Yarta da ke jinyarta ma, "yarinyar gidan nan" take ce mata. Abu ɗaya ya rage mata: ƙofar gidanta. Koriya ce, da zoben ƙarfe, da 'yar taga a sama mai sanda uku, na tsakiyar a lanƙwashe. A bayan ƙofar kuma, in ji ta, mijinta na tsaye yana sauraren takunta.

Duk namijin da ya leƙa ɗakin, ihu take yi har sai ya fita. Mai hoto kaɗai take bari ya zauna, shi ma sai da kyamara a wuya, don shi ne mai nemo mata gida. Yakan zauna a bakin gado, ya fifita mata shayi, ya miƙa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta kai kowanne dab da ido, ta shafa, ta girgiza kai.

"Ba ita ba ce, malam. Amma sannu da ƙoƙari. Gobe ka dawo?"

"Zan dawo."

Wannan sa'a ɗaya ita ce ranarsa gaba ɗaya, kuma ba abin da yake tsoro kamar ranar da aikin zai ƙare. Ya ɗauki ƙofar kurkuku, ya ɗauki ta makaranta, ya ɗauki tagogin kangon da ba wanda ya kwana ciki tun kafin a haifi telan. Wani lokaci in ya jera su a kan tebur, sai ya ji kamar duk suna kallonsa, baki buɗe, ba kowa a ciki. In kuwa ya ci karo da koriyar ƙofa, sai ya sauke kyamara ya wuce.

Ranar nan ciwon gwiwa ya taso masa. Ya kasa yin nisa, sai ya ɗauki abin da ke kusa: tagar shagon wanzami, mai faffaɗan gilashi, rana na dukanta ta gefe. Shi da ya shekara talatin yana gargaɗin masu koyo su duba abin da gilashi ya kwaso daga bayansu, ranar bai duba ba.

Tsohuwa ta riƙe hoton ta daɗe. Yatsanta ya tsallake kujerar aski, ya tsallake rubutun jikin taga, ya tsaya a wani ɗan duhu can gefe.

"Ga ta nan."

Ya karɓa ya duba. Tana nan kuwa, a juye cikin gilashin, ƙarama kamar farce: koren, da zoben, da sandar da ta lanƙwashe.

"Ka same ta, Allah ya biya ka! Tashi ka kai ni. Bawan Allah nan yana can bai ci komai ba."

'Yar ta biyo shi tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, yanzu ya za mu yi?"

"Ɗauko mata takalmi."

Ta ƙofar baya suka fitar da ita, shi a dama, 'yar a hagu. Suka bi lungu a hankali, suka zagayo ta gefen shagon wanzami. Wanzamin ya tsaya da almakashi a hannu, yana bin su da kallo. Da tsohuwa ta ɗaga kai ta hango ƙofar, sai ta fizge hannunta, ta gyara mayafi, ta ƙarasa da ƙafarta.

Ta kama zoben ta buga sau uku.

"Maigida, buɗe, ni ce. Na dawo."

Shiru. Ta kara kunne a jikin katakon, ta sake bugawa. Sannan ta waiwayo tana murmushi, irin wanda bai gani a fuskarta ba tun da ciwon ya fara.

"Malam mai hoto, ka gama naka, jeka abinka. Kada ya buɗe ya gan ni tsaye da baƙon namiji."

Ya ja da baya taku biyu, kamar yadda ta ce. Ya tsaya a bakin titi yana kallon matarsa, wadda suka yi shekara arba'in da ɗaya da aure, tana buga ƙofar gidansu, tana jiran ya buɗe mata daga ciki.