Hoton Tafasar da Ba Tafasa Ba

Akwai wata malama da ta ɗauki aikin haɗa ƙamus na waya, irin wanda idan mutum ya danna kalma zai ga ma'anarta da hotonta, ya kuma ji yadda ake furta ta. Mace ce mai natsuwa, ba ta saka kalma sai ta tambayi masu ita. Amma da aka matsa mata a fitar da ƙamus ɗin kafin damina ta kankama, sai ta iske tafasa ba ta da hoto. Ta tuna wani ganye da ta ɗauki hotonsa a gefen hanya bara, ta duba, ta ga ya yi kama. Zuciyarta ba ta kwanta ba, amma ta ce ai wannan ba littafin ɗab'i ba ne, ko yaushe ana iya gyarawa. Ta ɗora shi, ta rubuta a ƙasa cewa ana dafa ganyen a yi kwaɗo. Da ruwa ya zauna ta je ƙauye gaida mahaifiyarta, sai ga ganyen nan a bayan danga, kusa da tafasar gaske. Ta tsinko su biyu ta murza a hannu. Warinsu ba ɗaya ba ne, kuma na cikin hotonta ko akuyar gidan ba ta kula shi. A tsaye a wurin ta cire hoton, ta sa na gaskiya.

Da ta koma gida sai ta nemi kalmar a intanet don ta tabbatar gyaran ya shiga. Ya shiga nata. Amma ga tsohon hoton a wani ƙamus, ga shi a shafin masu koyar da girki, ga shi yana yawo a zaurukan mata na waya, har da bakin takalminta a gefensa. Ta rubuta wa waɗanda ta samu lambarsu. Wasu suka gyara, wasu ko amsa babu, wasu kuma ba ta san inda za ta same su ba. Tun daga nan, duk yaron da ta ji an ce cikinsa ya ɓaci, sai ta tambayi me ya ci. Ana cikin haka wata mata daga birni ta turo mata saƙo cikin ladabi: “Malama, ki duba hoton tafasarki, ina jin akwai kuskure. Na bincika wuri da yawa, duk wannan suke nunawa, kuma shi na tsinko wa yara yau.” Malama ta buɗe hoton da aka haɗo da saƙon, nata ne na bara. Ta danna kiran matar, wayar tana ta shiga ba a ɗauka ba. Shi ya sa Hausawa suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.