Sunan da Hajiya Kubura Ba Ta Faɗa

A tsohon haikalin Girkawa da ke kan dutsen birnin Atina, an daina ba baƙi ɗan rakiya. 'Yar na'ura ake saƙala maka a kunne, ta zagaya da kai da muryar mamacin da ka zaɓa. Hajiya Kubura ta zaɓi ta mijinta, malamin tarihi, wanda ya rasu bai cika alkawarin kawo ta nan ba.

"Mama, sai kin kira sunansa zai yi magana," in ji 'yarta Zuwaira. "Kuma a bakin fita ake goge muryar."

Tun da aka ɗaura musu aure, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Malam," ta ce a hankali. Shiru.

"Baban Zuwaira." Shiru.

Haka ta bi ta gindin ginshiƙan farin dutse ba ta ga komai ba, kowa na hira da nasa mamacin. Sai da ma'aikaciyar ƙofar fita ta miƙo hannu za ta karɓi na'urar, sannan Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki.

"Shu'aibu."

"Na'am, Kubura. Kin iso lafiya?"

Ba ta kai ga amsawa ba aka zare na'urar.