Koren Katin Goggo Kande

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai wuce firamare ba.

Yanzu a asibitinmu ba a ganin likita sai na'urar bakin ƙofa ta yarda. Ita ke yin tambaya, sannan ta ba da kati. In ja ne ka shiga, in kore ne ka koma gida sai bayan kwana uku.

Ranar Talata na kai Goggo Kande, yayar babana, tana dafe da ƙirji.

Na'urar ta ce, "Yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," in ji Goggo.

Koren kati ya fito.

Nas Rifkatu ta dubi gumin da ke tsiyaya a goshin Goggo. "Baiwar Allahn nan ba ta da lafiya. Amma ƙa'ida ce, ba ni da ikon buɗe ƙofar."

A hanyar gida sau huɗu muna tsayawa ta huta. Na ce, "Goggo, da kin ce da zafi."

"Ke Ladiyo! In yi wa Allah butulci a gaban ƙarfe?"

Washegari da safe na yafa mayafi na nufi gidan Liman, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, in roƙe shi ya zo ya gaya wa Goggo faɗin ciwo ba butulci ba ne, kafin mu koma asibiti ranar Juma'a.