Safar Waliyyu

"Ku bar mani safata," in ji Waliyyu, yana cije leɓe.

Babur ne ya kayar da shi a hanyar Jega, buhun albasa ya danne masa idon sawu. Abokansa suka kwaso shi zuwa Aliero, wurin Malam Ya'ƙub mai ɗori. Ƙafa ta kumbura, amma ya riƙe bakin safar kamar za a ƙwace masa gado.

"Kullum da safa cikin zafin ga," in ji abokinsa Sanusi. "Tun da ya yi aure ya koma ma'aikacin banki. Ko alwala sai ya ɓuya."

"Ɗana, ba ni ɗora ƙashin da ban gani ba," in ji Malam Ya'ƙub. "Ko ka hidda ta, ko ka tsufa da ɗingishi."

Waliyyu ya roƙi abokan su fita. Tsohon ya sa almakashi ya yanke safar.

Ga jan lalle nan raɗau, furanni tun daga yatsu har ƙwauri. Amaryarsa Gudiya ce ke koyon zanen ƙunshi, kuma a ƙafarsa take gwaji.

"Malam, don Allah ka rufa mani asiri."

Tsohon ya daɗe yana duban zanen. Sannan ya leƙa ƙofa, ya ja ƙafar wandonsa sama. Shi ma baƙar safa ce har gwiwa.

"Taka matar ta fi tawa hannu," in ji shi a hankali. "Wa ke koya mata?"